Daga Timbuktu Zuwa Sukuntuni: Abin Da Aka Kwafa Ba Ya Ɓata



A 2012, da 'yan bindiga suka kama Timbuktu a ƙasar Mali, Abdel Kader Haidara da abokansa suka riƙa zuba tsofaffin littattafan hannu cikin akwatunan ƙarfe, suna sulalewa da su zuwa Bamako, wasu a mota, wasu a jirgin ruwa ta Kogin Neja. Dubban ɗaruruwa suka tsira. A Janairun 2013 aka cinna wa wasu daga cikin waɗanda suka rage a Cibiyar Ahmed Baba wuta. A Bamako kuma aka dinga ɗaukar hoton waɗanda suka tsira shafi-shafi.

Me ya haɗa mu? Shi Ahmad Baba, wanda Marokawa suka tafi da shi Marrakesh a 1594, ya rubuta tarihin malamai, har da Ɗan Takum, alƙalin Katsina. Kun ga ashe har tarihinmu yana cikin irin waɗannan takardu.

Bara na naɗi hirar dattawan Sukuntuni kan kafuwar gari, na ajiye komai cikin faifan gaibu na VirtualBox, wato fayil ɗaya da ke ɗauke da kwamfuta sukutum a cikinsa. Ina cikin aiki wuta ta ɗauke, ga batir ya mutu. Faifai ya ƙi buɗewa. Wallahi gumi ya karyo mini, domin ɗaya daga cikin dattawan ya riga mu gidan gaskiya.

Galibi abin da ke lalacewa shi ne teburin da ke nuna inda kowane bayani yake, bayanan kuwa suna nan kwance. Don haka ban taɓa asalin ba. Na kwafe shi, na mayar da kwafin ɗanyen faifai da qemu-img, sannan PhotoRec ta bi shi tana gane sauti da hoto ta alamar farkonsu. Sunayen fayilolin sun tafi, amma muryoyin sun dawo, ban da hira guda.

Wannan hirar babu mai maimaita ta. Malamanmu na zaure sun san haka tun da, shi ya sa almajiri ke kwafe littafin malaminsa da tawada.

Kai da ke da muryar kakarka a waya, yau ɗin nan ka kwafe ta wuri biyu, ɗaya a wajen gidanku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.