Haɗarin Nukiliya da Kasuwar Tsohon Ƙarfe a Kano

Idan aka ambaci haɗarin nukiliya a Arewa, hankali kan tafi Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kimanin kilowat 30 tun 2004. Wannan tukunya tana hannun ƙwararru, kuma a 2018 an sauya makamashinta da wanda ba a iya yin bom da shi. A ganina, inda ya fi cancantar a sa ido shi ne kurar ɗan gwangwan da ke ratsa Bata, tsakanin Fagge da Sabon Gari, ɗauke da ƙarafan da ba wanda ya san asalinsu.

Hujjata ita ce abin da ya faru a birnin Goiania na Brazil a Satumbar 1987. Wasu mutum biyu suka kwance wata na'urar gashin ciwon daji a asibitin da aka yasar, suka sayar wa mai tsohon ƙarfe. A cikinta akwai garin siziyom-137 mai shuɗin haske a duhu, aka yi ta rarraba shi ga dangi don sha'awa. Masu amai da gudawa suka je asibiti, aka ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki. Sai bayan kusan mako biyu matar mai shagon ta ɗauki ƙarfen a motar haya ta kai wa jami'an lafiya. Mutum 4 suka mutu, aka auna kimanin 112,000, aka sami 249 da burbushin a jikinsu. An ga makamancin haka a Thailand a 2000, da kasuwar Mayapuri ta Delhi a 2010.

Irin waɗannan na'urori suna aiki a asibitoci, masana'antu da rijiyoyin mai na Nijeriya, kuma tsohon ƙarfe daga kowace kusurwa yana kwararowa Kano. Dokar 1995 ta kafa hukumar NNRA don lissafinsu, NEMA kuma na kula da agajin gaggawa. Amma ba jami'in Abuja ne zai fara taɓa abin ba. Yaron jari-bola ne, sai mai sikeli a Ƙofar Ruwa, sai mai kemis da za a kawo wa ƙuna ba tare da wuta ba. Tururin nukiliya ba shi da wari ko launi, kuma a nan za a fara zargin taifod ko sammu.

Akwai kuma ɗabi'armu ta rugawa kallo, wadda duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya shaida. A haɗarin nukiliya tazara ce kariya ta farko: wanda ya ninka nisansa da abin, tururin da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Saboda haka shiri na gaskiya ya fara da na'urar auna tururi ta hannu a manyan sikelin ƙarfe, da horar da ma'aikatan sashen gaggawa na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano su riƙa tambayar sana'ar mai irin wannan ƙuna. Alamar gargaɗin nan mai fuka-fuki uku a kan ruwan ɗorawa kuwa, a bayyana ta da Hausa a rediyo da tarukan ƙungiyoyin 'yan gwangwan, tare da lambar waya guda da za a kira a samu mai ɗauka.