Fatalwa da Haƙƙi a Tarihin Sinimar Japan

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fatalwar da ake gani a finafinan Japan ta girmi sinima nesa ba kusa ba, kuma asalinta yana ga batun zalunci da biyan haƙƙi.

Tun zamanin da, Japanawa sun yi imani da cewa wanda ya mutu a zalunce kurwarsa ba ta kwanciya. Irin wannan kurwa suke kira onryo. Alal misali, Sugawara no Michizane, babban bafade da aka kora daga Kyoto, ya rasu a Dazaifu a 903. Da masifu suka yi ta auka wa fada, sai aka jingina su ga fushinsa, har aka gina masa wurin bauta na Kitano a 947 domin a lallashe shi.

A zamanin Edo (1603-1868) wannan imani ya bunƙasa a adabi. Mutane kan taru da dare su kunna fitilu 100, duk wanda ya gama labarin fatalwa sai ya kashe guda. Ueda Akinari ya fitar da Ugetsu Monogatari a 1776. A 1825 kuwa Tsuruya Nanboku na Huɗu ya kawo wasan kabuki mai suna Yotsuya Kaidan, watau labarin Oiwa, wadda aka ɓata wa fuska da guba, mijinta Iyemon ya ci amanarta, ta dawo ta hana shi sakat. Haka kuma Okiku, baiwar da aka jefa a rijiya saboda faranti ɗaya cikin 10. Abin lura a nan shi ne, macen da ba ta da bakin kai ƙara tana raye, mutuwa ce ke ba ta iko. Siffarta ma ta gawa ce: farin likkafani da baƙin gashi a kwance.

Wannan gado sinima ta tarar. Mizoguchi Kenji ya yi Ugetsu a 1953, Nakagawa Nobuo ya mai da labarin Oiwa fim a 1959, sa'an nan Kwaidan na Kobayashi Masaki (1964) ya sami lambar yabo a Cannes a 1965.

Amma da Nakata Hideo ya fito da Ringu a 1998, sai al'amari ya sake. Sadako ta gaji rijiyar Okiku da gashin Oiwa, sai dai duk wanda ya kalli kaset ɗinta mutuwa zai yi bayan kwana 7, ko da laifi ko babu. Mafita ita ce ya kwafa ya miƙa wa wani.

A taƙaice, Oiwa ta san wanda take bi bashi, don haka labarinta gargaɗi ne ga azzalumi. Sadako kuwa kan mai uwa da wabi take yi. A ganinmu, wannan canji ne ya kamata manazarta su fi mai da hankali a kai, domin tsoro ya tashi daga na alhaki ya koma na annoba.