Injin Ghost da Tsohuwar Hanyar Ayari

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, arzikin Damagaram ya dogara ne a kan ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya ratsa Agadas, ya yada zango a Zinder kafin ya wuce Kano. Tafiyar wata da watanni ce. A 1953 sai jirgin sama ya riƙa cinye wannan tazarar cikin ƴan sa'o'i. Abin da ya kawo haka kuwa shi ne wani sabon inji marar farfela, wanda ake kira jet.

Frank Whittle na Ingila ya yi rajistar dabararsa a 1930, ya kuma tayar da injinsa na farko a 1937. Amma a Jamus aka fara tashi da irinsa, ranar 27 ga Agusta 1939, da injin Hans von Ohain. Daga bisani Frank Halford ya tsara wa kamfanin de Havilland injin Goblin, sannan aka faɗaɗa shi ya zama Ghost.

Duk wanda ya san maƙera zai gane aikinsa. Kamar yadda zugazugi ke hura gawayi, haka wani faifai mai fikafikai ke zuƙo iska ya matse ta. Sai a fesa mata kananzir a kunna. Iskar mai zafi ta juya wani faifan da ke baya, wanda sandar ƙarfe ta haɗa da na gaba, sannan ta fice da ƙarfi ta ingiza jirgi.

Ghost huɗu aka saka a gindin fikafikan Comet, jirgin fasinja na farko mai jet. Da yake injin na da shan mai, dole jirgin ya riƙa sauka a hanya. Saboda haka kamfanin Faransa UAT, kan hanyarsa ta zuwa Johannesburg, ya riƙa tsayawa a Tarabulus da Kano. Zinder, wadda aka ɗauke wa hedikwata zuwa Yamai a 1926, ba ta cikin zangunan.

A 1954 aka dakatar da Comet bayan haɗurra biyu a tekun Bahar Rum. Bincike ya ɗora laifin a kan gajiyar ƙarfen gangar jikinsa, injin bai da hannu. Jiragen da suka gaje shi sun fi shi dogon zango, har Kano ma ta rasa yawancin masu yada zango a cikinta, kamar yadda Zinder ta rasa ayari.