Riga Ɗaya, Hannaye Da Yawa: Nazarin Kundayen Baje Kolin Tufafin Hausa

Gabatarwa

Baje koli a gidan tarihi wata kaɗan yake yi a kwashe kaya a mayar da su rumbun ajiya. Abin da ke wanzuwa shi ne kundin da aka buga tare da shi, mai ɗauke da hotunan kayan da bayaninsu. Daga nan ɗalibai da manazarta ke ɗebo abin da suka sani, don haka abin da kundi ya ambata shi ake tunawa, wanda ya tsallake kuwa sai ya bi ruwa. Wannan maƙala na da ra'ayin cewa kundayen da aka yi a kan tufafin Hausa sun adana siffar babbar riga, amma sun bar masu yin ta a baya.

Abin da kundayen suka ceto

Adalci shi ne a fara da yabo. A shekarar 1976, lokacin Bikin Duniyar Musulunci a birnin Landan, David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shirya baje kolin fasahar Hausa a cibiyar Commonwealth Institute, aka buga kundinsa mai suna The Arts of the Hausa. A 1979 John Picton da John Mack suka fitar da African Textiles a ƙarƙashin British Museum, littafin da har yau ake komawa gare shi a kan saƙa da rini. A ma'ajiyar wannan gidan tarihi akwai zannuwan da ayarin Turawan da suka bi Kogin Kwara a 1841 suka samo a garin Eggan na ƙasar Nupe. Gara da zafi da yawan sawa ba sa barin tufa ta daɗe a wajenmu, saboda haka irin waɗannan kaya masu tabbataccen tarihi ma'auni ne na gane shekarun sauran.

Abin da suka rufe

Matsalar tana cikin ɗan bayanin da ke ƙarƙashin hoto: sunan ƙabila, ƙarni, irin zare, tsawo da faɗi, sai sunan wanda ya ba gidan tarihi kyautar. Wannan tsari ya dace da zanen da mutum ɗaya ya yi. Babbar riga kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata ne ke kaɗa auduga da mazari a cikin gida. Masaƙi ya saƙa ƙwarya siririya, marini ya tsoma zare a baba har ya yi baƙi, maɗinki ya harhaɗa ƙwaryoyin. Sannan wani, sau da yawa malamin allo, ya zana aska biyu ko aska takwas da tambari da alƙalaminsa, mai aikin allura ya shafe watanni yana cikewa, mabugi ya buge ta ta ɗauki sheƙi. Zaren ma matafiyi ne: tsamiya daga tsutsar daji ake samunta, alharini kuwa a da ta hamada yake zuwa daga Tarabulus.

Kalmar "rigar Hausa" kanta tana ɓoye wani abu. Binciken Colleen Kriger a kan rigunan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1988, ya nuna yadda aikin ya haɗa Hausawa da Nupawa da Yarabawan Ilori. Bahaushe ya riga kowa sanin haka, shi ya sa yake cewa girken Nupe. Kuma ba ƙaramar sana'a ba ce: da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafinta a kan wuri miliyan 300 a shekara, suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Kundin da ya nuna rigar sarki a shimfiɗe, ya yi shiru a kan marinar Kura da ta Ƙofar Mata, ya nuna rumfa ne bai nuna kasuwa ba.

Uzuri da iyakarsa

Za a iya cewa laifin ba na marubuta ba ne, tunda maɗinkinmu ba ya sa suna a jikin riga, waɗanda suka kwashi kayan a zamanin mulkin mallaka kuma ba su tambaya ba. Wannan uzuri ya tsaya a kan tsofaffin kaya kaɗai. Heathcote kansa ya nuna ana iya bin sawu, domin ya zauna da masu zane a Kano da Katsina ya rubuta yadda suke aiki. Elisha Renne ta nuna yadda matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin babbar riga, sana'ar da a da ta maza ce. Duk kundin da aka buga bayan waɗannan bincike, ya ci gaba da rubuta "ba a san mai aikin ba" a kan rigar da maɗinkinta ke raye, sakaci ya yi.

Kammalawa

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gidan Makama na Kano da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu sun isa su fitar da kundi da harshen Hausa, wanda zai fara da kalmomin masu sana'ar: saƙi da barage da kore da turkuɗi, kowanne da bambancinsa. A kowace riga a rubuta unguwar da aka saƙa ta, marinar da aka rina ta, wanda ya zana da wadda ta ɗinka, da kuma hoton mutum sanye da ita ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, domin don jiki aka yi ta. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye suna nan a zauruka, amma kullum raguwa suke yi. Rigar da ke Landan za ta iya jiran manazarci shekara ɗari, su kuwa ba za su jira ba.