Ma'aunin Nasara a Ƙungiyoyin Neman Sauyi: Waiwaye a Kan NEPU

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda ƙungiya mai fafutukar kawo sauyi take auna aikinta, da irin darasin da take ɗauka bayan ta sha kaye. An ɗauki jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, a matsayin misali.

Jarrabawarta ta farko ta zo a 1951. Zaɓen wancan lokaci hawa-hawa ne: talakawa su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, su kuma su zaɓi na gaba, har a kai matakin lardi. NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, don haka jam'iyyar ta tashi babu kujera ko ɗaya a majalisar Jihar Arewa. Abin lura shi ne yadda ta fassara wannan sakamako. Ta gane cewa jama'a suna tare da ita, tsarin zaɓen ne ya tace ƙuri'unsu. Daga nan ta dage a kan neman zaɓe na kai tsaye da gyaran En'e, ta kuma ƙulla ƙawance da NCNC a 1954. Ƙawancen ya ba ta majingina, amma ya ba NPC abin suka, wato cewa NEPU ta bi 'yan Kudu.

A zaɓen tarayya na 1959, NPC ta sami kujeru 134, NEPU kuwa 8 kacal, ciki har da ta Malam Aminu Kano. Duk wanda ya ɗauki kujera a matsayin ma'auni zai ce jam'iyyar ta gaza. A ganinmu wannan ma'auni bai isa ba, domin abin da ta sa a gaba shi ne talaka ya san haƙƙinsa, ya ƙi aikin tilas, ya kai ƙarar mai sarauta idan ya zalunce shi. Mata irin su Hajiya Gambo Sawaba sun hau dandamali, sun sha ɗauri, alhali matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Masu nazarin harshe ma suna da shaida a hannunsu: kalmomin "talaka" da "sawaba" sun ɗauki ma'anar siyasa a wannan zamani, ma'anar da ba ta gushe ba har yau.

Sakamakon wannan shuka ya bayyana a 1979, lokacin da PRP, magajiyar NEPU, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, gwamnatocin biyu kuma suka soke haraji da jangali. Sai dai a nan ne raunin tafiyar ya fito fili. Ta ƙware wajen karanta abokin hamayya, amma ba ta tanadi hanyar auna kanta da warware saɓanin cikin gida ba. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Alhaji Balarabe Musa a 1981, jam'iyyar kuma ta riga ta dare gida biyu, santsi da taɓo. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilun 1983, kuma a zaɓen shekarar PRP ta riƙe Kano kaɗai, ta hannun Sabo Bakin Zuwo.