Ciwon Dajin Hanta: Yadda Yake Farawa da Abin da Ya Haɗa Shi da Gyaɗarmu

Idan mutum ya rame, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi shawara, sau da yawa a nan sai a ce sammu ne. Wani lokaci kuwa ciwon dajin hanta ne.

Jikin ɗan Adam ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma kullum saƙo suke aika wa junansu: ki rabu biyu, ki dakata, ke kin tsufa ki mutu. A cikin kowace ƙwaya akwai wani sinadari da masana suka gano a 1979, suka kira shi p53. Aikinsa kamar na mai gadi ne. In ƙwaya ta lalace, sai ya tsayar da ita a gyara, in ba ta gyaruwa ya sa ta mutu. To, ranar da mai gadin ya samu matsala, lalatacciyar ƙwaya ta daina jin magana kenan, sai ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari.

A nan ne gyaɗa, ko gujiya, ta shigo. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da gyaɗa. A 1991 masu bincike suka nuna, a Sin da kudancin Afirka, cewa a hantar marasa lafiya da yawa na wuraren da gubar ta yawaita, p53 ya lalace a wuri guda tak. In kuma mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yana ninkuwa sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne suya ba ta kashe gubar nan. Kuma in an matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato ƙuli-ƙulin da yaranmu ke ci. Fari a ƙarshen damina, gara da ke huda kwanso, da zuba gyaɗa a buhu ba ta gama bushewa ba, duk suna buɗe wa fumfuna ƙofa. A shanya bisa tabarma ko tampol, a tsince motsattsiya da wadda ta sauya launi. Kada a ba dabba mai tatsa, don gubar tana bi ta nono.

Shi ciwon hanta B yana da rigakafi. A Nijar yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 a CSI. Taiwan ta fara yi wa jariranta a 1984, kuma dajin hanta ya ragu a tsakanin yaranta.

Magani fa akwai nisa. Sai a 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji a cibiyar ƙasa da ke Yamai, fiye da kilomita 800 daga Damagaram, kuma dajin hanta yakan ɓuya har ya yi ƙarfi. Gwajin jini na ciwon hanta B kuwa ba sai an je Yamai ba. Mai aiko da kuɗi gida, ya ware na gwajin nan. A tambaya a asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram.