Sumar ɗan Adam, daga zafin rana zuwa hannun makitsiya

A Bahuli, ƙauyen ƙabilar Fali da ke gindin duwatsun Mandara kusa da Mubi, ranar watan Afirilu a tsakar ka take sauka. Irin wannan rana ce kakannin ɗan Adam suka fuskanta a Afirka da suka miƙe tsaye kan ƙafa biyu. Gashin jiki ya ragu domin zufa ta sanyaya fata, na kai kuwa ya zauna.

Gashin gwaggon biri yakan kai wani ɗan tsayi ya tsaya. Na kanmu yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, sili guda ya shekara 2 zuwa 7 yana girma kafin ya zube. A wani bincike da aka wallafa a 2023, Tina Lasisi da Nina Jablonski da abokan aikinsu sun ɗora wa mutum-mutumi gashin mutane iri-iri, suka haska masa fitilu masu zafi. Murɗaɗɗen gashi, irin namu, shi ya fi tare zafi. Ashe sumar da wasu ke ƙonawa da sinadari don ta miƙe, garkuwa ce.

Da suma ta yi tsawo, sai hannu ya shiga. Kawunan yumɓun Nok na kudancin Kaduna, masu fiye da shekara 2,000, suna ɗauke da tukkaye da ado iri-iri. Makitsiyar Mubi da ke tsaga kai da tsinke tana yarfa shuku ko kalaba, da wanzamin da ke askin jariri ranar suna, sana'ar da ta tsufa haka suke riƙe da ita.